Ladan ma'aikatan fasaha da 'yan kwangila a Na'ibawa da masana'antun Kano

Ladan ma'aikatan fasaha shi ne kuɗin da ake biyan mutanen da ke kafa injuna da na'urori, suke tafiyar da su, suke gyara su, ko suke rubuta manhajar da ke sarrafa su. Ko albashin wata ne, ko kuɗin yini, ko na jinga, ko na kwangila. A Kano maganar ta shafi makanikan injunan masana'antu, masu aikin lantarki, masu naɗa kwayil da masu walda na Sharada da Challawa da Bompai. Ta kuma shafi masu kula da turakun sadarwa, masu haɗa sola, masu gyaran waya da kwamfuta, da matasan da ke yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet daga ɗakunansu. Abin da ake yawan tambaya shi ne ko wannan lada raguwa yake yi. Adadin nairar da ake miƙa wa mafi yawansu ya ƙaru daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, amma abin da nairar ke iya sayowa ya ragu ƙwarai, musamman a 2023 da 2024. Girman asarar kuwa ya fi danganta da irin yarjejeniyar da mutum ke aiki a ƙarƙashinta, da irin kuɗin da ake biyansa da shi, fiye da gwanintar hannunsa.

Wurin

Na'ibawa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kumbotso, a kudancin birnin Kano, a bakin titin Zariya. An fi saninta da kasuwar 'Yan Katako da ta 'Yan Lemo da tashar mota. Ita kanta unguwar zama ce da kasuwanci, sai dai ba ta da nisa da Sharada da Challawa, kuma daga wajenta ne hanyoyin da suka zagaye gari ta gabas da ta yamma suke rabuwa da titin Zariya. Shi ya sa ma'aikatan masana'antu da dama suke haya a cikinta da unguwannin da ke kewaye. Akwai kuma ƙananan shagunan walda da gyaran janareta da injunan yanka katako, waɗanda wani ɓangare na abincinsu yake fitowa daga aikin da manyan kamfanoni ke bayarwa a waje.

Bompai, a ƙaramar hukumar Nasarawa, arewa maso gabashin gari, ita ce mafi tsufa cikin rukunan masana'antun uku. Tun kafin samun 'yancin kai aka fara kafa kamfanoni a can. Sharada, wadda aka kasa gida uku, da Challawa, inda kamfanonin jima suka fi taruwa a kusa da kogin, sun bunƙasa ne a zamanin kuɗin man fetur na shekarun 1970 zuwa farkon 1980.

Tarihin ladan

Taƙaddama kan lada a masana'antun Kano ba sabuwa ba ce. A 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta kafa kwamitin Simeon Adebo don duba albashi. Kwamitin ya ba da shawarar ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, kamfanoni masu zaman kansu da yawa suka yi jan ƙafa wajen biya, ma'aikata suka shiga yajin aiki a Legas da Kano a 1971. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a tsakanin leburorin masana'antun Kano a waɗannan shekaru, ya wallafa littafi a kansu a 1986, inda ya nuna cewa da yawansu tsofaffin almajirai ne da suka shigo birni daga karkara, kuma sun yi fafutukar neman haƙƙinsu tun ƙungiyoyin ƙwadago ba su yi ƙarfi a kamfanonin ba. Bayan Adebo sai kwamitin Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ƙarin a 1975 tare da ariyas na watanni. Farashin kaya ya bi sahu nan da nan, abin da zai ci gaba da maimaituwa bayan kusan kowane ƙarin albashi.

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin gama-gari da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta kira ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a kan naira 125 a wata. Naira ta fi dala daraja a lokacin, don haka kuɗin ya kai kimanin dala 200. Babu wani mafi ƙarancin albashi da aka ƙayyade bayan wannan da ya sake kai wannan daraja in an auna da dala.

Makanikin inji a masaƙa ko kamfanin jima a wancan zamani ma'aikacin dindindin ne galibi. Yana da lambar aiki da matakin albashi, yana samun hutun shekara da kuɗin ƙarin awanni, ana ba shi garatuti in ya ajiye aiki. A masaƙu, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ita ke zama da ƙungiyar masu kamfanoni a yanke albashi na bai-ɗaya ga dukan masana'antar. Wannan tsari shi ne ya fara rushewa bayan gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. Dala, wadda ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, ta koma wajen naira huɗu a 1987, ta haura naira 20 a 1993. Kayan gyaran inji da sinadaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, wutar NEPA ta ƙara taɓarɓarewa, baƙin mai ya yi wuyar samu. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da atamfa da yadi, daga baya kayan China suka cika Kantin Kwari. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda, waɗanda a da sunansu kaɗai ya isa mutum ya samu aure, suka daina aiki. A Kaduna ma haka: masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007.

Abin da ya saura a rukunan uku, da abin da ya zo daga baya, shi ne kamfanonin roba da leda, tabarmi da takalman roba, jima, matsar mai, alawa da biskit, lemon kwalba, da kamfanonin casar shinkafa waɗanda suka yawaita bayan 2015. Suna buƙatar masu fasaha kamar yadda masaƙu suka buƙata, sai dai akasarinsu ba sa ɗaukar su a kan sharuɗɗan da.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Mafi ƙarancin albashi ba shi ne albashin injiniya ko makaniki ba, amma shi ne ma'aunin da kamfanoni ke kallo in za su yi ƙari, kuma albashin ƙananan masu tafiyar da inji bai cika yin nisa da shi ba. An mai da shi naira 5,500 a 2000, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a watan Afrilun 2019, sannan naira 70,000 a watan Yulin 2024. Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya amince da naira 71,000 ga ma'aikatan jihar a watan Oktoban wannan shekara. In aka juya zuwa dala a farashin lokacin da aka sa hannu, na 2011 ya haura dala 110, na 2019 ya haura 80, na 2024 bai kai 50 ba.

Dala ba ita ake kaiwa kasuwa a Na'ibawa ba, don haka ma'aunin da ya fi dacewa shi ne hauhawar farashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ba da waɗannan alƙaluma na watan Disambar kowace shekara: kashi 15.75 cikin ɗari a 2020, 15.63 a 2021, 21.34 a 2022, 28.92 a 2023, da 34.80 a 2024. In aka ɗora su bisa juna, farashin kaya ya ninka kusan sau uku a shekara biyar. Wato mai aikin lantarkin da ke karɓar naira 100,000 a ƙarshen 2019 sai ya karɓi kimanin naira 280,000 a ƙarshen 2024 kafin a ce yana nan inda yake. Wanda aka ninka wa albashi sau biyu a wannan tsakani, wanda a takarda babban ƙari ne, ya yi asarar kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da kuɗinsa ke saya. Shi kansa mafi ƙarancin albashin ya ƙaru ne sau biyu da sulusi, alhali farashi tsakanin Afrilun 2019 da Yulin 2024 ya ninka fiye da sau biyu da rabi. A 2019 naira 30,000 tana sayen buhun shinkafa mai kilo 50 har a samu canji. A ƙarshen 2024 naira 70,000 ba ta sayen buhu ɗaya.

Matakai biyu na gwamnatin tarayya ne suka jawo mafi yawan wannan faɗuwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 700, sannan ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ga ma'aikacin da ke hawa adaidaita sahu daga Na'ibawa zuwa Bompai, tashin kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ƙarin da aka yi masa.

Masu kamfanonin su ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu layin da ake kira Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan rage shi zuwa wajen 209. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta kai ƙara kotu a kan ƙarin. Man dizal, wanda bai fi naira 300 da ɗoriya ba a farkon 2022, ya haura 1,000 daga baya. A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, yankin kamfanin KEDCO, wato Kano da Katsina da Jigawa, ya shafe fiye da mako guda cikin duhu. Kamfanin da ke fama da wannan zai ce ba shi da abin ƙarin albashi. Abin lura dai shi ne kuɗin wuta da na dizal da na kayan gyara ba a iya jinkirta biyansu ko a yi tayi a kansu, ladan ma'aikaci kuwa ana iya yin duka biyun.

Irin yarjejeniyar aiki

Nan ne bambancin gaske yake. Mutum biyu za su iya gyara inji ɗaya a rana ɗaya a Sharada, tsadar rayuwa ta taɓa su ta hanyoyi mabambanta.

Ma'aikacin dindindin shi ne ya fi samun sauƙi. Albashinsa bai kamo farashi ba, amma yana zuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba, kuma kamfanonin da ke da ƙungiyar ƙwadago, kamar manyan kamfanonin abinci da lemo, sukan yi ƙari bisa yarjejeniya. Ƙwararrun da ke iya saita kwamfutar da ke sarrafa injunan zamani ba su da yawa a Kano, kamfani kuma ya san rasa ɗaya daga cikinsu na iya tsayar da layi guda na samar da kaya, don haka akan lallaɓa su.

Ma'aikacin wucin-gadi ana biyansa ne da yini ko da mako, sau da yawa ta hannun wani kamfanin samar da ma'aikata da ke cire nasa kason. Ba shi da fansho, ba hutu, ba garatuti. A wasu kamfanoni aikin awa 12 ne, rukunin rana da na dare. Raguwar ladansa ba ta cika bayyana a farashin yini ba. Tana bayyana a yawan ranakun da ake kiransa. Ranar da ba wuta, ko kayan aiki suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas, ko kamfani ya rage samarwa saboda kaya sun ƙi fita, sai a ce ya koma gida, kuma ya riga ya biya kuɗin motar zuwa. Mutum na iya shekara da shekaru yana tafiyar da inji ɗaya a wannan matsayi.

Ɗan kwangila mai zaman kansa, kamar mai naɗa kwayil na manyan injunan lantarki, mai gyaran janareta, mai jan wayar intanet da kafa kyamarorin tsaro a kamfani, matsalarsa daban ce. Yana ba da takardar farashi yau, a amince bayan mako biyu, ya gama aiki, a biya shi bayan wata ɗaya ko biyu ko uku. Wayar tagulla da boris da na'urorin lantarki duk daga waje suke zuwa, 'yan kasuwar titin Faransa da Ƙofar Ruwa kuwa a 2024 da farashin dalar ranar suke sayarwa. A shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin ɗari, jinkirin biya na wata uku kaɗai yana zaftare kusan kashi bakwai cikin ɗari na darajar kuɗin, kafin a zo ga harajin da kamfani ke cirewa tun kafin ya biya. Bashin banki ba mafita ba ne: Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, kuma da yawa daga masu sana'ar ba sa cin bashi da ruwa saboda addini. Abin da ya rage shi ne ɗan kwangila ya rage kuɗin hannunsa don kada aikin ya kuɓuce, domin mai kamfani ya yarda kayan gyara sun yi tsada, tunda yana ganin rasiti, amma da wuya ya yarda kuɗin aiki ya ninka. Daga nan asarar ke gangarawa kan yaran shago, waɗanda ba su da albashi sai ɗan abin da maigida ya miƙa musu na abinci da mota.

Binciken NBS kan ma'aikata na 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba sa cikin tsarin aiki na hukuma, kuma masu karɓar albashi ba su kai kashi 20 ba. Ma'ana rukuni na farko, wato ma'aikatan dindindin, wanda aka fi jin muryarsa in ana maganar albashi, shi ne mafi ƙanƙanta.

Abin da doka ta rufe da wanda ta bari

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta na farkon shekarun 1970 ne, ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki, kuma kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya. Sai dai a sashe na 91, inda ta fayyace wane ne ma'aikaci, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru da na fasaha. Saboda haka injiniya ko mai rubuta manhaja abin dogaronsa shi ne abin da ke rubuce a kwantiraginsa da hukuncin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan ba ta hau kan masu aikin rabin lokaci, masu cin kwamisho, da masu aikin jinga ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya asusun NSITF kashi ɗaya na jimillar albashi don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Duk wanda aka mayar ɗan wucin-gadi ko ɗan kwangila, a aikace an fitar da shi daga waɗannan duka. Wannan ma raguwar lada ce, ko da yake ba ta fitowa a takardar albashi, kuma mai ita ba ya ganinta sai ranar da inji ya ci masa yatsa ko tsufa ya zo.

Sadarwa

Da aka fara wayar salula a Najeriya a 2001, injiniyan kamfanin sadarwa yana cikin masu albashi mafi tsoka a ƙasar. Daga baya kamfanonin suka miƙa kula da na'urorinsu ga irin su Ericsson da Huawei, a 2014 kuma MTN da Etisalat suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanin IHS, Airtel ya ƙulla cinikin nasa da American Tower. Sababbin masu turakun su ma suna ba da aikin kula da janareta da batir da wayoyin ƙarƙashin ƙasa ga ƙananan 'yan kwangila. Mai fasahar da ke fita tsakar dare in sabis ya ɗauke a Challawa yakan kasance a hawa na uku ko na huɗu daga kamfanin da sunansa ke kan layin, kowane hawa kuma da kasonsa. Hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, bayan fiye da shekara goma ba ƙari. Wannan ya sauƙaƙa wa kamfanonin, ya kuma ƙara nauyi a kan duk mai sana'ar da data ce jarinta.

Masu aiki ta intanet

Wannan rukuni ne kaɗai faɗuwar naira ta yi wa rana. Mai rubuta manhajar da ake biya dala 500 a wata, in ya canza a kasuwar canji ta Wapa a farkon 2023, ba zai samu naira 400,000 ba. A 2024 zai samu wajen 750,000 ko fiye. Amma a daidai lokacin da dalar ke ƙara daraja a gida, samunta ya ƙara wuya a waje.

Daga 2022, da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, masu zuba jari suka janye hannu daga kamfanonin fasaha. Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022. A Janairun 2023 Google ya sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Jarin da ke shigowa sababbin kamfanonin fasaha na Afirka, bisa ƙididdigar kamfanin Partech, ya faɗo daga dala biliyan 6.5 a 2022 zuwa 3.5 a 2023. A Mayun 2024 Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas. Waɗanda aka sallama sun shigo kasuwar neman aiki ɗaya da matashin Kano, da gogewar da ta fi tasa.

Sababbin shiga su suka fi shan wuya, kuma alamar ta bayyana tun kafin a san manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa ya haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja wajen 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a Satumban 2019, yana cewa abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 ta ƙara matsa lamba a kan ayyukan da masu koyo ke farawa da su. Wani bincike na 2023 da Xiang Hui da Oren Reshef da Luofeng Zhou suka yi a kan dandalin Upwork ya gano cewa kuɗin da masu aikin rubutu ke samu a wata ya ragu da kimanin kashi biyar cikin ɗari bayan fitowar manhajar. Masu fassara, ciki har da na Hausa, wadda Google ya sa a manhajarsa ta fassara tun Disambar 2013, ana ƙara ba su gyaran abin da na'ura ta fassara a kan farashin da bai kai na fassara daga tushe ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta kawo nata aikin: tantance bayanai, rubuta abin da aka ji a murya, da duba amsoshin na'ura a harsuna irin Hausa. Aiki ne na jinga, ba shi da tabbas. Mujallar Time ta ruwaito a Janairun 2023 cewa ma'aikatan Kenya da suka tantance bayanai don OpenAI, mai ChatGPT, ta hannun kamfanin Sama ba sa samun dala biyu a awa. A Maris na 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Najeriya da Kenya da Pakistan kwatsam. A dandali irin Fiverr kuwa kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki na mai dandalin ne. Kwamfuta da data da wuta duk a wuyan mai aikin suke, kuma a unguwa irin Na'ibawa wutar tana nufin sola ko fetur.

Duk da haka masu shigowa ƙaruwa suke yi. Jami'ar Bayero, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, reshen Kano na cibiyar Digital Bridge, da ƙungiyoyi irin CITAD da Startup Kano, duk suna yaye matasa. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani da hukumar NITDA suka ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku. Horon yana da amfani, amma kamfanonin da za su ɗauki waɗanda aka horar a Kano ba su ƙaru da wannan sauri ba, kuma manyan guraben manhaja na ƙasar har yanzu a Legas da Abuja suke. Inda masu neman aiki suka fi aikin yawa, mai biya ke yanke farashi.

Waɗanda abin ya yi wa daɗi

Masu haɗa sola sun samu kasuwa. Tsadar fetur da dizal da kuɗin wuta ta zo daidai da faɗuwar farashin allunan sola a duniya saboda yawan da China ke ƙerawa, gidaje da shaguna da ƙananan kamfanoni suka karkata can. A Challawa ma akwai tashar sola mai megawat 10 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023. Masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut su ma aiki ya ƙaru musu, domin wanda a da zai sayi sabuwa yanzu gyara yake yi. Sai dai sana'o'i ne da ake shiga ba tare da shinge ba, kuma ribar kowane aiki tana tsukewa yayin da hannaye ke yawaita. Gogaggun injiniyoyin manhaja na bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi sun samu ƙari mai kauri bayan takwarorinsu da yawa sun bar ƙasar a 2022 da 2023, amma kaɗan ne daga cikinsu ke zaune a Kano.

A 2025 abubuwa sun ɗan lafa. NBS ta sauya ma'auninta a farkon shekarar, hauhawar farashi ta koma kashi 24.48 cikin ɗari a Janairu ta ci gaba da sauka, dala ta tsaya a wajen naira 1,500, farashin hatsi ya sauko. Saukar hauhawa na nufin farashi ya rage saurin tashi ne kawai. Giɓin da ya buɗe a 2023 da 2024 yana nan sai an cike shi da ƙarin lada. Tsayuwar dala kuma ta sa masu karɓar kuɗin waje sun fara jin tsadar gida kamar kowa.

Gyaran da aka yi wa dokar mafi ƙarancin albashi a 2024 ya rage wa'adin sake duba ta daga shekara biyar zuwa uku, wato a 2027. Mai aikin jinga, ɗan kwangila, da duk wanda ke aiki a wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba sa cikin waɗanda wannan dubawa za ta shafa.